Awon Jinin Yaya

Litinin, 3 ga wata, bayan azahar

Na juya littafin awo ta baya ina rubutu. Gaba na kafaɗa da ƙugun masu kawo ɗinki ne, baya kuwa nawa ne. Wanda ya ga rubutun kamar kaza ta taka tawada ya yi haƙuri, allo kawai na yi, bokon nan a waya na tsince shi.

Yau kwana biyu Yaya yana gida. Wanda bai san Yaya ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Shekara goma sha huɗu yana jan bas ɗin kamfani, babbar nan mai ƙofa biyu, bai taɓa makara ba, har a tasha suka sa masa suna Agogo. Kullum ƙarfe bakwai da minti goma zai wuce ta bakin layinmu ya danna hon sau biyu, sai Inna ta ce, "Auta, ɗora ruwan shayi." Takardun yabo uku ne a bangon falonsa cikin gilashi. Shi yake goge su da kansa. Anti, matarsa, ko ƙura ta gani sai dai ta kai rahoto.

Ranar Asabar wani abu ya faru a danjar bakin kasuwa. Motar tana tsaye, sai ta gangara ta daki turken fitila. Ba wanda ya rasu, alhamdulillahi, wata tsohuwa ce ta fasa leɓe. Manaja ya karɓi makulli. Suna zargin jiri ne ya ɗebe shi, don haka likitan kamfani zai auna jininsa. Dokarsu ita ce lambar sama kada ta wuce 140. Sau biyu ake ba mutum dama. Idan ya faɗi duka biyun, shi da sitiyari sun yi sallama har abada.

Yaya ya ce, "Su auna mana. Jinina ya fi na likitan tsari. Ni ban san tsoro ba."

Kuma da ya faɗa, wallahi sai da na ji kamar in yi masa tafi. Yana da wata irin tsayuwa, ƙirji a gaba, haɓa a sama, kai ka ce shi ya ba kamfanin aron motocin.

Abin da ya faru a cikin motar kuwa bai ce komai ba. Ni ma ba zan ce ba.

Talata, 4 ga wata, da hantsi

Ya goge yunifom, alhali ba inda za shi. Karin wandon nan sai ka yanka albasa da shi.

Ni ce mai shanya a gidan nan, don haka na san sirrin kowa. Da can singileti ɗaya Yaya yake cirewa a yini. Jiya uku. Yau tun kafin hantsi ya yi zafi, guda biyu suna kan igiya, sharkaf, kamar an tsamo su daga rijiya. Kuma ba zafi ake yi ba.

Ga wata jijiya a gefen wuyansa, daidai inda kwala take tsayawa. Na zauna ina kallonta yana ba Anti labarin yadda ya taɓa ratsa ambaliya da fasinja saba'in. Bakinsa yana murmushi, jijiyar tana bugawa kamar wanda aka biyo bashin rai.

Inna ta leƙo ɗakin ɗinkina ta ce, "Auta, lafiya kuwa? Kwana uku ba ki sa wa kowa gishiri a shayi ba, ba ki ɗinke ƙafar wandon kowa ba."

Na ce na tuba ne.

Ta ce, "Tuba? To Allah ya sa ba ciwo ba ne."

Laraba, 5 ga wata, magariba

Bai ci abinci ba. Ya ce masu ƙwaƙwalwa ba sa cika ciki. Ni ma ban ci ba, ni ba ni da hujja.

Alhamis, 6 ga wata, bayan la'asar

172.

Shi ne awon farko. Ya dawo yana dariya, ya ajiye hula a kan tebur a hankali kamar ƙwai. Ya ce na'urarsu tsohuwa ce, nas ɗin kuma ba ta iya ɗaurawa ba, sai da ya nuna mata. Ya ce likitan ma da ganinsa ka san sabon shiga ne, don har yana tambayarsa shekara nawa yana tuƙi. "Ni! A garin nan!"

Anti ce ta ja ni kicin ta ce kafin su fita sau uku yana zagawa banɗaki. Da ta kama hannunsa a bakin asibiti ta ji shi kamar ƙanƙara. Ta ce masa, "Baban yara, hannunka ya yi sanyi." Ya ce ai haka hannun ƙwararru yake, ba ya zufa a kan sitiyari.

Awo na biyu ranar Litinin, 24 ga wata. Daga shi babu wani.

Juma'a, 7 ga wata, bayan azahar

Inna tana da na'urar awon jini irin ta gida, tun da nata ya fara hawa. Idan na ce Yaya ya kawo hannu don a duba lafiyarsa, sai dai in kwana a waje. Sai na shiga da ita ina ɓata rai.

"Yaya, ina jin abin nan ya lalace. Ina neman wanda jininsa yake daidai ne in gwada, in ga ko tana faɗin gaskiya. Duk gidan nan kuwa..."

Ban ƙarasa ba ya nannaɗe hannun riga.

138. Ya kalli lambar kamar ɗansa ya sauke Alƙur'ani. "Kin gani ko? Wannan na'ura ce ta gaskiya. Ki rubuta."

Ina cikin kwancewa sai ga Dogo, kwandastansa, ya zo gaisuwa. Dogo mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba shi da birki. Ya zauna ya ce, "Oga, wani yaro suka ba motarka. Fasinja sai yabonsa suke, wai ko kofin shayi ka ɗora a gaba ba zai zube ba."

Yaya ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Ai ni na hore masa motar."

Hannunsa yana cikin abin har lokacin. Na danna maɓallin a ɓoye.

166.

Minti biyar tsakani. Bai motsa daga kujera ba, bai ɗaga murya ba, murmushin nan ko gezau. Da Dogo ya tafi na ce, "Yaya, maganar nan ta yi maka zafi?"

Ya ce, "Wace magana?"

Kuma na rantse ba ƙarya yake yi ba. Bai ji ba. Kamar gida ne mai hawa biyu, na ƙasa yana ci da wuta, shi yana sama yana taje gemu. Ban taɓa ganin mutum irin yayana ba.

Asabar, 8 ga wata, da safe

Sati guda. Ƙarfe bakwai da minti goma motar ba ta wuce ba. Sai da minti goma sha tara, kuma ba hon.

Lahadi, 9 ga wata, bayan la'asar

Na ce tunda zagi yana hawar da shi, yabo zai saukar. Muka haɗa baki da Anti. Tun safe muke zuba masa. Anti ta ce duk layin nan babu mai tafiyarsa. Ni na ce wata mai kawo mini ɗinki ta daina hawa bas gaba ɗaya, wai in ba Agogo ba sai dai ta taka da ƙafa. Ƙarya ce, matar babur take hawa tun da aka haife ta.

Yana aiki. Daga 158 ya sauko 141. Amma bayan rabin awa da muka yi shiru sai ya koma. Kamar taya mai faci ne, kana bugawa yana sacewa. Zuwa la'asar yabona ya ƙare, har na fara yabon yadda yake atishawa. Anti ta ce ita muƙamuƙinta ya gaji.

Abin da yake ba ni haushi shi ne rabin yabon gaskiya ne. Da Baba ya rasu ina shekara bakwai, Yaya ne ya tsaya. Bai taɓa bari na ga buhun shinkafa ya kai ƙasa ba. Keken ɗinkin nan shi ya kawo shi a kafaɗa, hawa uku na matakalar mai sayarwa, don kada ’yan dako su kuje shi. Ranar da Malam ya zane ni don na ɗaure wa yara biyu gefen riga suna karatu, Yaya ne ya je har makaranta da yunifom. Ya je bin kadina ne, ya ƙare yana ja wa Malam baƙi don ya ji yadda ake fitar da harafi. Amma ya je. Daga ranar Malam bai ƙara taɓa ni ba, ina jin tsoro yake kada Yaya ya dawo.

Singileti huɗu yau.

Talata, 11 ga wata, bayan la'asar

Ashe akwai bidiyo. Wani fasinja yana ɗaukar abokinsa a kujerar baya, sai abin ya shiga ciki. Dogo ya nuna mana a wayarsa ni da Anti a bakin ƙofa. Ba a ganin Yaya sosai, sai ƙeyarsa da hula. Ana ganin ya miƙa hannu cikin jakarsa. Sai ihu. Wani irin ihu siriri mai tsawo, kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin rijiya. Sai motar ta tafi.

Dogo ya ce, "Oga ya ce wata mata ce a gaba ta yi ihun. Amma ni ban tuna da mace a gaba ba."

Anti ta ce, "Tunda ya ce mace ce, mace ce."

Dogo ya ce kamar ya ga wani abu ya faɗo daga tawul ɗin da Yaya ya ciro a jakar, amma da ya duba ƙasan kujera daga baya bai ga komai ba.

Na ce ina da ɗinkin da za a zo karɓa. Na shiga ɗaki na zauna a gaban keke. Ban taka shi ba har aka kira la'asar.

Laraba, 12 ga wata, da hantsi

Na zazzage kwandon ƙyallaye ina neman wani abu nawa, alhali na san ba ya ciki.

Alhamis, 13 ga wata, bayan azahar

Bari in rubuta maganar tawul, tawul kawai.

Kullum ni nake ninke wa Yaya ƙaramin tawul ɗin da yake goge hannu da shi a mota. Kullum kuma, a kan teburin karyawa, sai ya warware shi ya karkaɗe ya sake ninkewa, yana cewa, "Auta, shekara nawa zan yi ina koya miki? Gefe ya sumbaci gefe." Shekara shida ana haka. Ko rana ɗaya bai taɓa tsallakewa ba. Don haka duk abin da mutum ya sa a cikin tawul ɗin nan, a kan tebur zai faɗo, a gaban Inna da Anti da yara, a yi dariya a tashi. Iyakar lissafina ke nan, Allah shi ne shaida.

To don kada tudun abin ya nuna, ranar Asabar ɗin na zauna na ninke shi da kyau. Na bi da guga. Gefe ya sumbaci gefe.

Ya ɗauka ya juya shi sama da ƙasa. Ya ce, "Yau kam kin yi hankali." Ya jefa a jaka. Ina buɗe baki yana ficewa, don Agogo ba ya jiran kowa.

Shekara shida ina jiran ya yabi ninkina.

Asabar, 15 ga wata, bayan la'asar

Ya aiko ƙaramar ’yarsa da rigar yunifom, wai maɓalli ya yi lako-lako. Na duba, duk maɓallan suna nan daram. Na sa hannu a aljihun ciki.

Yana nan a nannaɗe. Kore da baƙi, jan harshe, har da tabon man guga a wutsiya. Macijin robar da na saya a wurin mai kayan wasan yara. To, na rubuta.

Na same shi a falo yana goge gilashin takardunsa. Bai juyo ba.

"Yaya."

"Kin gyara maɓallin?"

"Tun yaushe ka sani?"

"Duk garin nan wa zai bi maciji da guga in ba ke ba?"

Na durƙusa. Ban shirya kuka ba, shi ya zo. Na ce ya yi wa Allah ya gaya wa manaja. Idan suka san ba jiri ba ne, ai rabin maganar ta mutu. Ya ce, "In ce musu me? Agogo ya ga roba ya saki birki?"

"Ka ce ni ce."

"Sunan ƙanwata ba zai shiga ofishin manaja ba. Ba a gidanmu ba."

Sai ya juyo. Fuskarsa lumui, kamar mai shirin ɗaukar hoto. Amma jijiyar nan kamar za ta fasa kwala, zufa tana bin bayan kunnensa.

Ya ce, "Kuma ba tsorata na yi ba. Mamaki na yi. Ni ban san tsoro ba."

Tun ɗazu nake juya maganar. Ni yake karewa ko sunansa? Na auna ta nan, na auna ta can, kamar yadin da bai isa ba. Ina jin duka biyun ne, kuma ya ɗinke su wuri ɗaya yadda ko shi ba zai iya farkewa ba. Sati biyu yana kallona a kan tebur bai ɗaga mini murya ba. Da ni ce da tuni unguwa ta ji.

Ya karɓe macijin ya mayar aljihu.

Lahadi, 16 ga wata, da safe

169, tun bai sha shayi ba.

Litinin, 17 ga wata, bayan azahar

Na gaya wa Inna. Tana tsince shinkafa, ta tsaya cak. Ta daɗe tana kallona. Sai kafaɗarta ta fara rawa. Ta toshe baki da gefen mayafi tana "Astagfirullah, astagfirullah," hawaye na zuba. Da ta gama dariyar ta cire silifa ta sauke mini biyu masu kyau a baya. Ta ce ɗaya na tsohuwar da ta fasa leɓe ne, kuma gobe in nemi gidanta ta wurin Dogo in je in ba ta haƙuri. Na ce to.

Na ce, "Inna, ni zan je wurin manajan da kaina."

Ta ce, "Ki je ki tsirara shi a gaban abokan aikinsa? Ki dawo masa da mota ki karɓe masa fuska? Ba zai yafe miki ba, kuma ba zai iya zama a kujerar ba. In za a faɗa, daga bakinsa za ta fito."

Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Wai tun yana yaro, duk ranar da Malam zai karɓi hadda, sai ya zaga bayan gida ya amayar da abin da ya ci tas. Ya wanke baki, ya gyara hula, ya fito yana cewa yau sai ya koya wa Malam karatu. Kuma ya je ya kawo ba gyara.

Ta ce, "Ke in kika ji tsoro sai ki yi ihu ki huta. Shi bakinsa ba ya karɓa, sai jikinsa ya ɗauka. Shekara arba'in jikin nan yana yi masa dako, ko sannu bai taɓa ce masa ba."

Saura kwana bakwai.

Talata, 18 ga wata, magariba

Tsohuwar ta warke. Ta ce in ƙara maimaita mata labarin, ta kira maƙwabciyarta ma ta ji. Na roƙe su kada ya fita.

Laraba, 19 ga wata, bayan la'asar

Sai na rubuta wannan tun da zafinsa.

Na ce a yi gwaji, don ya saba. Na yafa farin yadin wata mata, na sa tabaran Inna a kan hanci, na zauna a bayan tebur. Inna da Anti suna gefe. Ya shigo yana cewa wannan wasan yara ne, amma ya zauna ya miƙo hannu.

Na shaƙe murya na ce, "Malam direba, shekara nawa kana tuƙi?"

170. A gaban likitan ƙarya, mai tabaran aro, wadda ya goya a bayansa! Ashe ba asibiti ba ne matsalar. Duk inda aka zaunar da shi za a duba ko ya isa, jikinsa sai ya ɗauka yaƙi ne.

Ban san abin da ya hau kaina ba. Shaiɗanin da ya yi kwana goma sha takwas a ɗaure ne ya tsinke. Na ce, "Malam direba, ko ka san wannan sautin?" Na cika ƙirji na kwaikwayi ihun bidiyon.

Anti ta miƙe wai ta bar abu a wuta. Inna ta dafe kai. Ni kuwa na fara karanta duk addu'ar da na haddace, don na ga idonsa ya kaɗa.

Ya ce, "Ba haka ba ne."

Na ce, "Na'am?"

"Ba haka aka yi shi ba. Kin yi shi kamar akuya. Ke komai sai kin ɓata. Daga ƙasa yake farawa, sannan ya hau."

Sai ya gyara zama, da abin awon a hannunsa, ya ɗaga ƙafa biyu sama, ya watsa hannu, ya saki ihun. Na asali. Wallahi ya fi na bidiyon. Har karen maƙwabta ya amsa.

Anti ce ta fara, daga bakin kicin, ta zame ta zauna a ƙasa. Inna tana "Wayyo cikina." Shi kuma ya tsaya yana kallonmu da mamaki, kamar bai san abin da ya fito daga bakinsa ba. Sai gemunsa ya fara rawa. Sai ya fashe. Ban taɓa jin Yaya ya yi irin wannan dariyar ba, mai tari da majina, ba irin ta ɗaukar hoto ba. Yana yi yana cewa, "Na zaci kububuwa ce! Har na yi kalmar shahada! A kan cinyata fa ya faɗo!"

Da ya lafa, yana share ido, na bar shi ya huta kaɗan sannan na danna maɓallin.

134.

Ba wanda ya yabe shi ko da kalma ɗaya.

Alhamis, 20 ga wata, magariba

Singileti ɗaya a kan igiya. Ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Asabar, 22 ga wata, bayan azahar

Na yi saurin murna. Dogo ya zo ya ce a tasha ana ta muhawara a kan bidiyon, wasu sun ce aljani ne ya shiga motar, wasu sun ce Agogo ya tsufa. Yana tafiya Yaya ya koma bayan gilashinsa. Na ce, "Yaya, ranar Litinin ka gaya wa likita kamar yadda ka gaya mana." Ya ce, "Na gaya muku me? Wasa na taya ku."

159. Singileti uku.

Na ji haushinsa har na ɗauko allura zan ɗinke masa aljihun wando. Sai na hango shi ta taga, shi kaɗai a tsakar gida, a kan kujera, ya miƙe hannu biyu a iska yana juya sitiyarin da babu. Yana duba madubin hagu, yana duba na dama. Har da sa hannu ya ba wani hanya. Na mayar da allurar.

Lahadi, 23 ga wata, magariba

Ya goge yunifom sau biyu. Ya Allah, hannun nan bai iya komai ba sai tuƙi.

Litinin, 24 ga wata, da safe

Na ninke tawul. Ya warware, ya karkaɗe sosai, ya leƙa ciki, ya sake ninkewa. Sau uku ya zaga banɗaki. Da zai fita na ga aljihun cikin rigarsa ya yi tudu, ban sani ba ko takardu ne.

Na farke hannun rigar wata mata sau biyu. A baibai nake ta haɗawa.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Daga bakin Anti na ji, don ita aka bari ta shiga.

Da aka fara aunawa, 161. Likita ya girgiza kai ya jawo takarda ya cire murfin biro. Anti ta ce ta ga rigar Yaya ta manne a bayansa, leɓensa ya yi fari. Sai ya ce, "Likita, dakata." Ya sa hannu a aljihu, ya ciro macijin ya shimfiɗa a kan tebur.

Nas ta yi tsalle ta hau kujera.

Ya ce, "Kin gani ko? Ke da kike tsaye a ƙasa ma ke nan. Ni ina kan sitiyari ya faɗo mini a cinya. Ba jiri ba ne, likita. Tsoro na ji." Anti ta ce kalmar ta fito masa kamar ana zare ƙaya. Da likita ya tambayi wanda ya sa, ya ce wannan maganar gida ce, an riga an hukunta mai laifin da silifa. Sannan, ba wanda ya roƙe shi, ya yi musu ihun.

Likita ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce ya zauna minti goma a sake. 139. Da ƙyar, kamar babbar mota a lungu, amma ta wuce. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce duk wata ya dawo awo, ya kuma ce masa jikinsa yana jin abin da shi yake cewa bai ji ba, ya riƙa saurarensa. Manaja ya ba shi takardar gargaɗi a kan sakin birki, ya miƙa masa makulli. Jibi zai koma.

Kafin azahar duk tasha ta ji. Dogo ya ce yanzu Agogo Mai Ƙararrawa suke ce masa, yana wucewa ana yi masa ihu. Na zaci zan ga mutum a karye. Ina! Ya shigo ƙirji a gaba, ya ajiye hula, ya ce, "A direbobi ɗari, nawa ne za su iya faɗin gaskiya irin wannan a gaban likita? Ni kaɗai. Kuma duk masu kwaikwayon nan babu wanda ya iya shi daidai."

Singiletin da ya cire sai da na matse shi sau biyu. Da ya miƙo mini ya ce, "Yau kam jikin nan ya sha wuya." A hankali ya faɗa, yana kallon gefe. Na yi kamar ban ji ba.

Talata, 25 ga wata, bayan azahar

Na buɗe gwangwanin zare ina neman baƙi, abu ya faɗo mini a cinya.

Ban san na iya hawa kan keken ɗinki ba sai yau. Ihun da na yi har mai shagon bakin layi ya aiko a tambaya. Ina saukowa na ga Yaya a bakin ƙofa, ya jingina, na'urar Inna a hannunsa, Anti da yara suna leƙe ta bayansa.

"Malama tela, kawo hannu."

152.

Ya girgiza kai ya ce, "Ihun ma ba tsari. Rubuta a bayan littafin naki, kusa da nawa."

Ashe ya san da littafin.

Laraba, 26 ga wata, da safe

Bakwai da minti goma. Hon biyu.

Inna ta ce, "Auta, ɗora ruwan shayi."